Kuɗin Tsaraba Da Na Kai Kan Dutsen Pilatus

Waɗanda suka saba bibiyar wannan shafi sun lura makonni biyu ke nan ba su ji ɗuriyata ba. Wasu har sun aiko da saƙon tambayar lafiya. Na gode, Allah Ya bar zumunci. Lafiyata ƙalau, tafiya ce ta kama ni zuwa ƙasar Suwizalan, wajen wani taron ƙara wa juna sani da aka yi a birnin Zurich. Ba zan ba ku labarin taron ba, domin in na kawo takardun da aka gabatar a can, barci zai kwashe rabin masu karatu kafin sakin layi na biyu. Labarin ranar ƙarshe zan bayar, ranar da na ɗauki kuɗin da na ware domin tsarabar iyali na je na kalli ruwa da dutse da su. Har yau shari'ar ba ta ƙare a gidana ba, shi ya sa na ga gara in kawo ta gaban jama'a, a saurari hujjata, kowa ya yanke hukuncin da ya ga ya dace.

An rufe taro ranar Juma'a, jirginmu kuwa sai Lahadi. A teburin karɓar baƙi na masaukinmu na ci karo da wata 'yar takarda mai tallar tafiyar yini guda tare da jagora. Mota za ta kai mutum birnin Luzern, ya shiga jirgin ruwa ya ratsa tafki, ya hau jirgin ƙasa zuwa kan Dutsen Pilatus, ya sauko ta ɗaya gefen a jirgin igiya, mota ta maido shi inda ta ɗauke shi. Mutanen wurin suna kiran wannan kewaye da sunan zagayen zinariya. Kuɗinsa ya haura faran ɗari na ƙasar. Na ciro waya na juya shi zuwa naira, na mayar da wayar aljihu, na yi shiru. Duk malamin jami'a a Nijeriya ya san irin wannan shirun.

Na tuntuɓi wani dattijon farfesa da muka je tare, wanda ya koyar da ni tun ina aji biyu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ko za mu je?" Ya karɓi takardar, ya gyara tabarau, ya duba, ya miƙo mini abata. Ya ce, "Dakta, shekara nawa ka yi a Zariya? Sau nawa ka hau Kufena, da ba a karɓar ko sisin kwabo? Yau kuma dutsen wasu za ka je ka biya kuɗi ka hau? Ni kam kasuwa za ni, jikokina suna jira." Ban sami abin da zan ce masa ba a lokacin. Na dai koma na biya. Wannan rubutu shi ne amsar da na kasa ba shi a tsaye.

Da sanyin safiyar Asabar mota ta kwashe mu, mu kimanin ashirin: Indiyawa da iyalansu, wasu tsofaffin Amurkawa, ango da amarya daga Koriya, wani Balarabe da matarsa da 'ya'yansu uku, sai ni. Tsakanin Zurich da Luzern bai kai tafiyar awa guda ba. Jagorarmu dattijuwa ce da ta ba sittin baya, tsohuwar malamar makaranta, riƙe da jar laima wadda take ɗagawa sama duk sa'ad da take son mu taru. Da ganin yadda take ƙirga kawunanmu ka san ta daɗe tana fama da 'yan aji.

Kafin mu je bakin ruwa sai ta ratse da mu wani lungu, inda aka sassaƙa ƙaton zaki a jikin dutse, yana kwance da karyayyen mashi a kwiɓinsa, yana gargarar mutuwa. An kammala shi a 1821 domin tunawa da ɗaruruwan sojojin Suwizalan da aka kashe a birnin Paris ranar 10 ga Agusta, 1792, suna gadin fadar Sarki Louis na 16 lokacin juyin juya halin Faransa. Na tambaye ta abin da ya kai 'ya'yan wannan ƙasa mutuwa a ƙofar sarkin wasu. Ta amsa da kalma ɗaya, ta ce yunwa. Ƙasa ce ta tsaunuka, gonakinta kaɗan, sanyinta dogo, ba ta da gaɓar teku, ba ta da man fetur. Shekaru aru-aru babban abin da kwarurrukan nan suke fitarwa waje shi ne samarinsu, suna aikin sojan haya wa sarakunan Turai. Dogarawan da suke gadin Fafaroma a Batikan tun 1506 ragowar wannan sana'a ce. A 1816 da 1817 an yi yunwa mai tsanani a ƙasar, kuma cikin ƙarni na 19 dubban mutanenta sun yi ƙaura zuwa Amurka neman abin da za su ci. Na riƙe wannan magana a raina, domin ita ce ta buɗe mini duk abin da na gani bayanta.

Daga nan muka bi ta kan wata tsohuwar gadar katako mai rufi da ta ratsa Kogin Reuss, wadda aka fara ginawa tun ƙarni na 14. Gobara ta cinye mafi yawanta a watan Agustan 1993, aka sake buɗe ta a watan Afrilun 1994. Wata takwas ke nan. Jagora ta faɗi haka ba tare da ta ɗaga murya ba, kamar ba wani abu ba ne.

Tafkin da muka shiga, sunansa a Jamusanci yana nufin tafkin jihohi huɗu na daji, wato Uri da Schwyz da Unterwalden da Luzern. Faɗinsa murabba'in kilomita 114 ne, zurfinsa a wani wurin ya kai mita 214. Ba shi da siffa guda, ya miƙa hannuwa ta ko'ina cikin tsaunuka, ta yadda duk kwanar da jirgi ya sha sai ka ga kamar wani sabon tafki ka shiga. A can kudancinsa akwai wani fili da ake kira Rütli, inda labarin gargajiya ya ce a nan wakilan uku daga cikin jihohin nan suka yi rantsuwar taimakon juna, abin da ake dangantawa da shekarar 1291, tushen ƙasar baki ɗaya. Ruwan kore-kore ne, garai-garai, har kana hango duwatsun da ke ƙasa a kusa da gaɓa.

Jirgin tururi ya fara aiki a wannan tafki tun 1837, kuma har yau akwai guda biyar masu fukafukan juyi a gefe da suke ɗaukar fasinja. Mafi tsufa, mai suna Uri, an ƙera shi a 1901, autansu kuma a 1928. Mun yi sa'a muka faɗa a kan Unterwalden, ɗan 1902. A tsakiyar jirgin an bar wuri a buɗe, an kewaye shi da ƙarfe, fasinja yana leƙa inji yana aiki. Manyan damatsan ƙarfe suna kai da kawowa, suna sheƙi kamar jiya aka fito da su daga maƙera, ga wani ma'aikaci yana zagayawa da tsumma da gwangwanin mai. Na fi minti ashirin a nan, na bar 'yan uwana suna ɗaukar hoton tsaunuka. An taɓa shirin kai waɗannan jirage bola a maye gurbinsu da masu injin zamani, sai mutanen gari suka kafa ƙungiya a shekarun 1970, suka tara kuɗi, suka tsaya sai da aka ci gaba da gyara su. Da muka iso wata gada mai ƙasa-ƙasa kusa da garin Stansstad, sai na ga an sauke bututun hayaƙin jirgin ya durƙusa, muka wuce, aka sake ɗaga shi.

Abu ɗaya ya ɓata mini rai a cikin jirgin, kuma ba laifin kowa ba ne a wurin. Na ga alamun da suke nuna inda aka ajiye rigunan ceto, na ga yadda ma'aikata suke tsaye a bakin tsani suna lura da masu shiga, sai zuciyata ta tafi Warra ta Jihar Kebbi da Bagwai ta Jihar Kano, inda kwale-kwale ya kife da bayin Allah a shekarar 2021, cikinsu har da ɗaliban Islamiyya. Ruwa ɗaya ne Allah Ya halitta a can da nan. Allah Ya jiƙansu.

Bayan fiye da awa guda muka sauka a Alpnachstad. Tsakanin matsayar jirgin ruwa da tashar jirgin ƙasa 'yan taku ne. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba: jajayen taragu da aka ƙera a karkace, kujerunsu hawa-hawa kamar matattakala, domin layin da za su bi tun daga tasha ya ɗaga kai sama. Bari in yi wa mai karatu bayani, don a nan ne ilmin tafiyar yake. Jirgin ƙasa irin wanda muka sani yana tafiya ne da ɗan kamun da ke tsakanin ƙafar ƙarfe da dogon ƙarfe. Da zarar hawa ya yi tsanani, ƙafar sai ta riƙa zamewa. Maganin da injiniya Niklaus Riggenbach ya kawo shi ne a shimfiɗa ƙarfe na uku a tsakiya mai kama da tsani, jirgi kuma ya sami faranti mai haƙora irin na sarƙar keke, wanda zai riƙa cizon tsanin daga sama yana jan kansa. Da wannan dabara aka buɗe layin Dutsen Rigi a 1871, a ɗaya gefen tafkin nan, wanda shi ne jirgin ƙasa mai hawa dutse na farko a Turai.

To amma Pilatus ya fi ƙarfin wannan dabara. Hawan Rigi bai wuce kashi 25 cikin 100 ba, na Pilatus kuwa ya kai kashi 48, wato a duk mita 100 da aka yi gaba an ɗaga sama mita 48. A irin wannan tsayi, farantin da yake cizo daga sama yana iya tsallake haƙoran ya fita. Sai wani injiniya ɗan Zurich mai suna Eduard Locher ya kwantar da al'amarin. Ya sa haƙora a gefe biyu na ƙarfen tsakiya, ya kwantar da farantai biyu a ƙarƙashin tarago, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, suka matse ƙarfen a tsakaninsu, ga kuma leɓe a ƙasansu da yake hana taragon ɗagawa ko da iska ta buge shi. An fara aiki a 1886, ma'aikata kimanin 600, yawancinsu Italiyawa, suka yi kwana 400 na aiki suna fasa dutse, aka buɗe layin ranar 4 ga Yuni, 1889. Tsawonsa mita 4,618 ne, yana ɗaga mutum sama da mita 1,600, zuwa tashar da ke mita 2,073 bisa teku. Da tururi ya fara, yana cin fiye da awa guda, aka mayar da shi mai lantarki a 1937, yau kuma kimanin rabin awa yake yi. Har gobe babu layin dogo mai haƙora da ya kai shi tsayin hawa a duniya.

Ba zan ɓoye ba, na ji tsoro. Da farko cikin itatuwa muke, sai muka fito fili mai ciyawa, shanu suna kiwo da ƙararrawa a wuya, sautin yana tashi daga nesa. A tsakiyar hanya muka tsaya a wani wuri da ake kira Ämsigen, masu saukowa suka wuce. Daga nan itatuwa suka ƙare, ciyawa ta ƙare, sai tsurar dutse. Layin ya manne a jikin bango, yana shiga rami yana fita, a gefe guda kuwa babu komai sai sarari. Kunnuwana suka toshe. Ba'amurken da ke kusa da ni ya daina surutu, ni kuma na karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Ina cikin haka sai taga ta yi fari fat.

Hazo ne. Muka fito a tashar ƙarshe kamar an tsoma mu cikin auduga. Ba tafki, ba tsaunuka, ko laimar jagora da kyar nake hango ta. Ga sanyi, domin a duk mita dubu da mutum ya hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri shida, ni kuwa daga kaftani sai 'yar rigar sanyi mara nauyi. Na tsaya a bakin shingen ƙarfe ina kallon farin da babu komai cikinsa, na tuna farfesa yana can yana zaɓar wa jikokinsa kaya, na tuna takalman makarantar da na yi wa yarana alkawari. Na ce a raina, Dakta, yau ka sayi gajimare da kuɗin Turai.

Jagora ta tattara mu cikin zaure mai ɗumi. Ta ce tun da dutse ya ƙi nuna fuskarsa, bari ta ba mu tarihinsa. Masana suna ganin sunan ya samo asali ne daga wata kalmar Latin mai nufin mai hula, saboda gajimaren da yake yawan zama a kansa. Amma mutanen da can sun yi imani cewa gawar Bilatus Babunti, gwamnan Rumawa wanda Kiristoci suka ce a gabansa aka gurfanar da Annabi Isa (AS), tana cikin wani ɗan kududdufi a kan dutsen, kuma duk wanda ya jefa wani abu a ruwan, fatalwarsa za ta tayar da hadari ta aiko wa gari da ambaliya. Majalisar birnin ta haramta hawan wurin ba da izini ba. A 1387 an ɗaure wasu malaman coci shida saboda sun yi yunƙurin hawa. Ruwa ba ya tsami banza: hadari yana haɗuwa a kan dutsen da gaske, ƙoramun da suke gangarowa daga jikinsa kuma sun sha yi wa mutane ɓarna. Abin da suka gani gaskiya ne, fassarar da suka yi masa ce kuskure.

A 1555 wani masani ɗan Zurich, Conrad Gessner, ya nemi izini ya hau, ya dawo ya rubuta abin da ya gani na tsirrai da kyan wuri. A 1585 limamin cocin birnin ya ja jama'a suka hau, ya jefa duwatsu a kududdufin, aka shiga ruwan da ƙafa, ba abin da ya faru. A 1594 hukuma ta ba da umarnin a tsiyaye ruwan. A 1868 Sarauniya Victoria ta Ingila ta hau dutsen a kan doki. A 1889 jirgi ya iso. Na yi lissafi a kan takardar tikitina: shekara 502 tsakanin ranar da aka ɗaure mutane don sun nufi wannan dutse da ranar da aka fara karɓar kuɗi a hannun masu son hawansa. Dutsen bai canza ba ko da taku ɗaya.

Saura kwata mu taru sai na ji ihu daga waje. Iska ta yage hazon kamar labule. Can ƙasa ga tafkin da muka ratsa ya baje hannuwansa, jiragen ruwa a kansa kamar ƙwayar shinkafa. Ga Rigi a gabas, ga filayen arewa shimfiɗe har inda ido ya gaji, ta kudu kuma ga jerin tsaunuka masu dusar ƙanƙara, ɗaya bayan ɗaya, ba su ƙirguwa. Wasu baƙaƙen tsuntsaye masu rawayan baki da jajayen ƙafafu suna shawagi a ƙasa da inda nake tsaye. Ban taɓa kallon bayan tsuntsu yana tashi ba sai ranar. Ban ɗauki hoto ba. Na yi tasbihi, na yi shiru.

Sai jar laima ta tashi sama. Na matsa na ce, "Malama, a ƙara mana ko minti goma." Ta yi murmushi irin na masu aji, ta ce dutsen yana nan gobe, motata ce ba za ta kai gobe tana jira ba. A nan na gane kuɗin da ake biya wa tafiya da jagora kashi biyu ne. Akwai wanda ake biya a teburin masauki, akwai wanda ake biya da lokaci. Jagora ta ba ni zaki da yunwa da labarin kududdufi, waɗanda da ni kaɗai ne da na wuce su ban sani ba. Ita ce kuma ta janye ni daga abin da na zo gani a daidai lokacin da ya bayyana. Wanda ya bi ayari, da agogon madugu yake kallo. Muka sauko a babban akwatin igiya mai ɗaukar mutum 55 zuwa wata tasha da ake kira Fräkmüntegg cikin 'yan mintuna, daga nan muka shiga ƙanana masu cin mutum huɗu-huɗu, suka yi kusan rabin awa suna lilo da mu bisa kawunan itatuwa har garin Kriens.

To me na saya? Na sayi ganin yadda ake mayar da kyautar Allah abin rufin asiri. Ba su suka halitta dutsen ba, ba su suka tona tafkin ba. Aikinsu shi ne saƙa hanya. Jirgin ruwa na kamfani ɗaya ne, jirgin dutse na wani, amma tikiti ɗaya ya ratsa da kai, kuma lokutan sun dace da juna, ka sauka daga wannan ka tarar da wancan. Baƙo ba ya sayen dutse, natsuwa yake saye, da tabbacin cewa abin da aka rubuta shi zai faru. Na kuma sayi darasi a kan riƙo. Jagora ta ce yawancin ƙarfen haƙoran da muka hau a kai na asali ne, tun na zamanin Locher, da ya fara cinyewa sai aka gano in an juya shi ɗaya fuskar za ta ɗauki aiki. Na tuna cewa mu ma mun taɓa samun jirgi mai hawa tsauni. Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa siririn layin dogo daga Zariya ya hau Filato, ya isa Jos da Bukuru a 1914, domin kwasar kuza, aka rufe shi a 1957. Ƙanen na Pilatus ne da shekara 25. Ba zan ɗora wa shugabanninmu laifin rufe shi ba, tun kafin samun 'yanci aka yi. Sai dai wanda ya gina don ya kwashe, yana gama kwasa zai naɗe tabarmarsa, wanda kuwa ya gina don jikokinsa su ci abinci, shi ne mai yawo da tsumma da gwangwanin mai.

Kada mai karatu ya ɗauka na shiga sahun waɗanda suke dawowa daga Turai bakinsu cike da yabo. Arzikin Suwizalan bai tsaya ga tsaunuka da agogo da cakulan ba. Bankunanta sun daɗe suna ɓoye dukiyar da aka sace daga ƙasashe matalauta, kuma mu shaida ne: a 2017 ta amince ta maido wa Nijeriya dala miliyan 321 daga kuɗaɗen da aka danganta da zamanin Janar Sani Abacha, bayan wasu ɗaruruwan miliyoyin da ta riga ta maido. A 2009 jama'arta suka kaɗa ƙuri'ar hana gina hasumiyar masallaci, daga farkon 2025 kuma dokar hana rufe fuska a bainar jama'a ta fara aiki, ba ta ware baƙi ba. Su kansu mutanen Luzern sun fara gajiya da mu, domin a 2023 sun kaɗa ƙuri'ar taƙaita ba 'yan yawon buɗe ido hayar gidajen zama zuwa kwana 90 a shekara, saboda 'yan gari sun fara rasa muhalli. Italiyawan da suka rataya a jikin bangon dutse suna fasa shi kuwa, ban ga sunan ko ɗaya daga cikinsu a takardar talla ba.

Ga wanda Allah Ya nufa da zuwa, ga 'yar shawara. Jirgin haƙora yana aiki ne daga watan Mayu zuwa Nuwamba, da sanyi dusar ƙanƙara take rufe layin, sai jirgin igiya kaɗai. Kafin ka biya, duba hoton kai-tsaye na kan dutsen da suke sawa a intanet, kada ka sayi gajimare irina. Tafi da rigar sanyi mai kauri ko da gari yana da zafi, ka kuma riƙe ɗan guzurinka, abincin sama yana da tsada. In kana jin Turanci kuma ba ka tsoron karanta allo, ba dole sai da jagora ba, ana sayar da tikitin zagayen a tasha, ka zauna a sama gwargwadon yadda ranka yake so. In kuwa tarihi kake nema, ko kana tare da tsofaffi da yara, to jagora ya ci kuɗinsa.

Saura amsar farfesa. Ranka ya daɗe, rabin gaskiya tana wurinka. Shekarun da na yi a Zariya ban taɓa hawa Kufena ba, kuma na ji kunyar haka a kan dutsen wasu. Mun taso muna ɗaukar kallo a matsayin aikin marasa aikin yi, alhali tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma gani ya kori ji. Amma akwai abin da ya fi wannan ciwo. Da yawa daga duwatsunmu da dazuzzukanmu, a yau tsoron masu bindiga ne ya hana a kusance su. Tsoron mutanen Luzern limami ya kore shi da jifa a kududdufi, don babu komai a cikin ruwan. Namu akwai abu a ciki. Duk gwamnan da yake mana alkawarin bunƙasa yawon buɗe ido, ya fara da tabbatar da cewa manomi zai je gonarsa a gindin dutse ya dawo lafiya. Baƙo yana bin sawun ɗan gari ne.

A gida kuwa, tsarabar da ta samu ita ce cakulan ɗin filin jirgi da wata 'yar ƙararrawar shanu. 'Yata ta fari, wadda take aji biyu a sakandare, ta kalli ɗan bidiyon hawan da na ɗauka da hannu yana rawa, ta ce, "Baba, me ya hana shi zamewa?" Na ɗauko takarda na zana mata ƙarfe mai haƙora biyu da farantai biyu. Ta daɗe tana kallo, ta karɓi biron ta gyara mini zanen, ta ce leɓen nan a ƙasa ya kamata ya zauna. Gaskiyarta. Uwargida tana gefe tana saurare. Da muka gama ta ce, "Malam, hujja ta yi kyau, amma takalman yara suna nan bashi." Na amsa laifina, na nemi a ɗaga mini ƙafa zuwa ƙarshen wata.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.